Abin da tarihin Lakwaja ya koya mini game da garuruwan bakin kogi

Duk mai son rubuta tarihin garin bakin kogi, ya fara sanin halin ruwan kafin ya nemi jerin sarakuna. Wannan ne babban darasin da na ɗauka daga nazarin Lakwaja, inda Binuwai ke haɗuwa da Kwara a gindin dutsen Patti.

Kogunan nan biyu ba lokaci ɗaya suke cika ba. Binuwai ruwan damina yake bi. Yakan tumbatsa wajen Satumba, kuma a zamanin jiragen ruwa masu tururi, 'yan watannin nan ne kawai, daga Agusta zuwa Oktoba, babban jirgi ke iya kaiwa Yola. Da rani ya kama sai yashi ya fito tsibiri-tsibiri, sai dai kwalekwale. Kwara kuwa cika biyu yake yi: ta damina, da wata da ke tasowa daga duwatsun Gini, ta daɗe a fadamun Mali, ba ta iso Najeriya sai cikin hunturu. Saboda wannan saɓani dole kaya su yi jira a mahaɗar. Inda kaya suka kwana kuwa sai an gina sito, sai an sami 'yan dako da masu saukar baƙi da mata masu tuwo, ga masu faskare, domin itace ne abincin tukunyar jirgi. Jiran nan ne ya tara mutane a Lakwaja. A kiyaye dai: kada a auna ruwan da da na yau, tunda madatsar Kainji ta 1968 da ta Lagdo a Kamaru ta 1982 sun sauya lokacin cika da janyewa.

Shekarar kafuwa ita ce ke yawan kayar da ɗalibai. Za ka ga an rubuta cewa William Baikie, wani likita Bature ɗan Birtaniya, ya kafa garin wajen 1860, shi ke nan. To amma tun 1841 Turawan Ingila suka buɗe gonar gwaji a wurin, zazzaɓi ya ci ƙarfinsu suka watse. A 1854 Baikie ya hau Binuwai da jirgin Pleiad yana ba mutanensa kwinin, maganin zazzaɓi, kullum, ya komo bai rasa ko mutum ɗaya ba. A 1857 jirginsa Dayspring ya fashe a kan duwatsu kusa da Jabba, sai daga baya ya gangaro ya zauna a mahaɗar. Zaman nan ma bai yiwu ba sai da yardar Etsu Nufe Masaba na Bidda, wanda ikonsa ya kai wurin. Kafin duk wannan akwai ƙabilar Oworo a kan tudu, akwai ta Kakanda da ke riƙe da fiton kogi, sannan babbar kasuwa tana Gbebe, a ƙetaren ruwa. Rikicin sarauta da ya ci Gbebe a shekarun 1860 ya kora mutane da dama zuwa sabon garin. A ganina, wanda ya ba Baikie shi kaɗai wannan tarihi ya yi wa sauran rowa.

Takardun Turawa ma sai an karanta su da lura. Abin da ya ratsa ta kantin kamfani suke ƙirgawa, hauren giwa da man kaɗe da manja. Gishiri da kanwa da tufafin saƙi da ke yawo cikin kwalekwale ba su cika shiga littafi ba, shi ya sa hannun Nufawa da fataken Hausa ke fitowa ƙarami a lissafi, alhali har yau sarautar garin Maigari ake kiranta. Haka sunaye: Gbebe ɗin nan wani marubuci zai rubuta Igbegbe, idan ba ka ankara ba ka mai da gari ɗaya biyu.

Sarautar gwamnati ba ta zauna wa garin ba. A Lakwaja Lugard, shugaban mulkin Ingila a Arewa, ya ɗaga tuta ran 1 ga Janairun 1900, bayan an karɓe mulki daga kamfanin Royal Niger, amma hedikwata ta wuce Jabba, ta koma Zungeru a 1902. Abin da ya fi yi wa kwatar illa shi ne dogo. Layin da ya taso daga Baro, wata tashar jirgin ruwa a bakin Kwara, ya isa Kano a 1911, kuma da aka gama gadar jirgin ƙasa ta Jabba 'yan shekaru bayan haka, gyaɗa da auduga suka riƙa zarcewa Ikko ba tare da sun taɓa ruwa ba. Garin ya zama wurin da ake kai sarakunan da aka tuɓe. Aliyu Babba na Kano da Aliyu Ɗan Sidi na Zazzau duk a can suka rasu.

Titi da mulki ne suka sake tayar da shi, musamman bayan ya zama babban birnin jihar Kogi a 1991. Sababbin unguwanni suka gangara cikin fadamar da mutanen farko suka guje wa, kuma su ambaliyar 2012 da ta 2022 suka fara shanyewa, har hanyar Abuja ta yanke kwana da kwanaki.