Takardar da ba ta ce injiniya ba

A wani ofis da ke Jabi a Abuja, cikin watan Maris na 2025, wani dattijon injiniya ya ɗauki takardar shaidar aikin da na zo da ita daga Ingila, ya gyara gilashinsa, ya karanta har ƙasa, ya sake komawa sama. Sai ya ajiye ta ya ce, "Malam, ka ce mana shekara ɗaya da rabi ka yi kana aikin injiniya a can. To ga takardarka, ban ga inda ta ce injiniya ba." Na ce, "Ranka ya daɗe, aikin dai na injiniya na yi." Ya ce bai musa ba, amma shi takarda zai kai wa masu kamfani, ba bakina ba.

Bai ci mutuncina ba, gaskiya ya faɗa. Layi uku ne kacal a takardar: sunana, ranar da na fara da ranar da na bari, sai muƙamina, wai mataimaki a filin gini. Abin da na dawo da shi ke nan bayan shekara uku da 'yan watanni.

Na tafi ne a watan Satumba na 2021 yin digiri na biyu a fannin gine-gine, bayan na gama jami'a a Bauchi na yi bautar ƙasa. Baba ya sayar da filinsa guda, Yaya ya cika da abin da ya tara a cinikin tumatir da kabeji a kasuwar Farin Gada da ke Jos. Tun a tsakar gida muka gama magana cewa ba zama zan je yi ba. In gama karatu, in sami aikin da ya dace da karatun na shekara biyu ko uku, in dawo da abin nunawa. A watan Yulin shekarar ne gwamnatin Birtaniya ta buɗe bizar da ke ba wanda ya kammala karatu damar zama shekara biyu yana aiki ba sai wani kamfani ya ɗauki nauyinsa ba. A kanta muka ɗora lissafinmu gaba ɗaya.

Tawa bizar ta fara ƙirga a Janairun 2023. Wata shida na farko sun tafi a gidan kula da tsofaffi da daddare, da wani sito inda nake jera kwalaye da rana. Ba na jin kunyar wannan aiki, halak ne, kuma da Naira ta faɗi a tsakiyar shekarar, ɗan abin da nake aikowa ya riƙe gidanmu. Amma agogon bizar bai san halak ba, tafiya kawai yake yi.

A watan Yuli wani ƙaramin kamfanin gini ya kira ni. Manajan filin ya karɓe ni a cikin kwantenar da suka mayar ofis, takalman aiki cike da taɓo a bakin ƙofa, kofin shayinsa a kan zanen gini. Da na ga an rubuta "mataimaki" a takardar ɗaukar aiki, na tambaye shi. Ya yi murmushi ya ce suna ne kawai saboda tsarin albashi, in na yi wata shida za su gyara, kuma su ɗauki nauyin bizata in ci gaba da zama. Na sa hannu. Har yau ina tuna yadda hannuna yake rawa don murna, ina fita na kira Mama na ce addu'arta ta karɓu.

Aikin kuwa na yi shi. Ni nake fita da na'urar awo ƙarfe bakwai na safe in fitar da layin harsashi, cikin wani sanyi da ko ɗan Jos sai ya raina na Disamba. Ni nake duba ɗaurin rodi kafin a zuba kankare, ni nake cika 'yan akwatunan gwaji a kai ɗakin bincike a fasa su a kwana 7 da kwana 28, ni nake rubuta rahoton kowace rana. Shi kuma ya sa hannu a ƙasa. Wata rana na tarar masu ɗaurin rodi sun bar tazarar milimita 200 inda zane ya ce 150, ga motar kankare tana kan hanya. Na tsayar da aikin, aka kwance aka sake ɗauri, muka kai dare. Da aka zo taron mako da wakilin mai ginin, sai na ji manajan yana ba da labarin yadda idonsa ya kama kuskuren. Ina zaune a gefensa. Na yi shiru, don a ganina wanda bizarka ke hannunsa ba ka ja da shi a gaban mutane.

Ashe ba ta hannunsa.

Wata shida suka cika, ya ce in bari su ci wata kwangila da suke nema. Suka ci, ya ce masu kamfani suna duba lissafi. Ranar 4 ga Afrilun 2024 gwamnati ta ɗaga mafi ƙarancin albashin da za a ɗauki nauyin ma'aikaci baƙo a kansa daga fam 26,200 zuwa fam 38,700, sai ya sami abin fakewa. Ya dafa kafaɗata ya ce abin ya fi ƙarfinsu yanzu, amma in ƙara haƙuri, suna neman hanya. Na ƙara.

Sai a watan Oktoba, bayan sallar Juma'a, wani ɗan'uwa ɗan Ilorin da ke aikin kwamfuta ya ji labarina ya ce, "Kamfanin naku ma yana da lasisin ɗaukar nauyi kuwa?" Ban san amsar ba. Nan a bakin masallaci ya buɗe wayarsa ya nuna mini jerin kamfanonin da gwamnati ta ba lasisin, yana nan a shafinta na intanet, kowa na iya dubawa kyauta. Muka nemi sunan kamfaninmu ta kowace irin rubutawa. Babu. Ya kuma gaya mini cewa wanda zai sauya daga irin bizata ana ɗaukarsa sabon shiga, nasa ma'aunin albashin ya yi ƙasa da wancan, daga fam 30,960 yake farawa a lokacin. Wata goma sha biyar ina jiran abin da binciken minti biyar zai nuna mini babu shi. Rashin sani ya fi dare duhu, amma wannan daren ni na ƙi kunna fitila, domin na fi son jin alkawarin a kan in bincika shi.

Ranar Litinin na same shi a kwantenar. Ban ɗaga murya ba. Na ce ya san ba su da lasisi tun ranar da ya yi mini alkawari. Ya ce sun yi niyyar nema. Na ce to aƙalla a gyara muƙamina kafin in tafi. Ya ce wannan ba a hannunsa yake ba, sannan ya ƙara da maganar da har yanzu take ci mini rai: "Ban taɓa rubuta maka komai ba." Haka ne, bai rubuta ba. Mu a gida an raine mu a kan cewa alkawari kaya ne, babba in ya ce zai yi, neman ya rubuta ma rashin kunya ne. Da wannan tarbiyya na shiga wurin da abin da ba a rubuta ba tamkar ba a faɗe shi ba, shi kuma ya gane haka tun ranar farko.

Wata ukun da suka rage na aika takardun neman aiki fiye da sittin. Wurare biyu suka kira ni, dukansu suka tambayi kwana nawa ya rage wa bizata, suka ce lokaci ya ƙure. Akwai masu ba ni shawarar in sayi takardar ɗaukar nauyi a hannun dillalai, ko in ɓace in zauna ba takarda. Ban yi ba. Kuɗin filin Baba ba su kai ni can don in koma ɓuya ba.

Na sauka a Abuja cikin hazon Janairu, na kama motar Jos ta Keffi da Akwanga. Muna Hawan Kibo ina ta shirya abin da zan gaya wa Baba. Da na durƙusa na fara, sai ya katse ni ya ce, "Ka dawo da ƙafarka, ba a dawo da kai ba. Tashi ka ci abinci." Yaya bai taɓa ɗaga maganar kuɗinsa ba, kuma shirun nasa ya fi mini nauyi a kan da ya tambaya.

Masu shirin tafiya sukan zo su tambaye ni, nakan gaya musu abu kaɗan. Kafin ka je intabiyu, duba sunan kamfanin a jerin nan. Sunan muƙamin da ke takardarka shi ne aikin da ka yi, kada wani ya ce maka suna ne kawai. Wanda ya yi maka alkawari da baki, ka koma ka aika masa imel kana godiya kana maimaita abin da ya ce, ka ga ko zai amsa. Ka riƙe kwafin duk rahoton da ka rubuta wanda doka ta yarda ka riƙe. Kada ka yanke zumunci da malamanka da abokan karatunka na gida, domin da na dawo na tarar waɗanda muka gama tare sun yi rajista da COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya a Najeriya, suna buga hatiminsu, ni kuwa ba ni da injiniya ko ɗaya da zai tsaya ya ce ya ga aikina.

Dattijon nan na Jabi bai ɗauke ni ba, amma ya haɗa ni da wani ɗan kwangila da ke aikin magudanar ruwa a wajen Lugbe. Can nake yanzu, daga Kubwa nake zuwa kullum. A satina na biyu na mayar da tifar yashi guda saboda ƙasa ta yi yawa a ciki, direban ya yi ta faɗa, birkiloli suna kallona, washegari aka kawo mai kyau. Ina da littafi mai baƙin bango da nake rubuta aikin kowace rana, kowace Juma'a in kai wa babban injiniyanmu ya sa hannu da kwanan wata.

Manajan can kuwa na aika masa imel sau huɗu ina roƙon ya rubuta layi biyu kawai ya faɗi ayyukan da na yi a filinsa. Na ƙarshe bayan Babbar Sallah na aika. Har yau bai amsa ba.