Tarihin Rayuwata (Kashi na 19): Ledar Zoɓo Goma da Ƙodar Akuya

Makon jiya na tsaya a inda ƙungiyarmu ta 'yan wasan kwaikwayo ta karɓi aikin faɗakarwa kan kyautar jini da ƙoda. Wasu matasa masu barkwanci a waya sun aiko suna tambayar yadda ake haɗa irin wannan wasa. To yau zan janye kaina gefe in shimfiɗa aikin kansa, tunda shi ya ci shekarun da nake ba ku labarinsu.

Hanyar ba mu muka ƙago ta ba. Tun 1975 da Michael Etherton ya kafa karatun wasan kwaikwayo a Jami'ar Ahmadu Bello, ɗalibai ke fitowa daga dandalin nan na ginin ƙasa da ke Samaru su shiga ƙauyuka irin su Soba da Maska da Bomo. Ƙa'idarsu ita ce ba a zuwa gari da wasa a aljihu. Sai an zauna a majalisa da teburin mai shayi da gidan suna an ji abin da mutane ke faɗa. A maganar sassan jiki abin da za ka ji bai cika sauyawa ba: wai jinin da aka ɗiba ba ya dawowa, wai sayar da shi ake yi, wai mai ƙoda ɗaya ya yi sallama da haihuwa, wai ranar tashin alƙiyama mutum zai tashi da giɓi. Kowace daga cikin waɗannan sai an sa ta a bakin ɗan wasa, da kalmomin da aka ji ta. In ka gyara mata harshe, mai ita ba zai gane tasa ba ce.

Ana fara gaida mai unguwa da liman. Wasan dandali bayan la'asar ake yi, kada ya wuce minti 40, don a bar lokacin tambaya kafin magariba. Na mata daban ne, a cikin gida ko a Islamiyya, kuma mata ke yi. Wanda ya tsallake wannan a cikin birni ya yi asara, don a duniya ma mata sun fi maza ba da ƙoda.

Da jini ake buɗewa, shi ne mai sauƙi. A samo ledar fiya wata goma, a cika su da zoɓo, a rataya wa ɗan wasan da ya fi iya raki. Kowace leda rabin lita ce, jinin baligi kuwa wajen lita 5 ne. Abin da ake ɗiba mililita 450 ne, bai ma cika leda ɗaya ba. Sai mai wasan ma'aikacin asibiti ya cire guda, ragon ya ɗora hannu a ka.

"Yaya, sun gama da ni! Me ya rage mini?"

"Ƙirga mana, ƙanena. Ai ka yi makaranta."

Ya fara ƙirgawa yana sheshsheƙa, yara su kama masa har tara. Dariyar da ake yi a nan ta fi lacca ta awa guda aiki. Kafin ta lafa ake cusa sauran bayanin: mai bayarwa ya kai shekara 18, kada ya wuce 65, nauyinsa ya kai kilo 50. Ɗibar kanta wajen minti 10 ce. Ruwan jinin yana komawa cikin kwana ɗaya ko biyu, jajayen ƙwayoyin kuma sai an yi makonni, shi ya sa namiji ke jiran wata 3, mace wata 4. Ana auna kowace ledar jinin da aka ɗiba don ƙanjamau da ciwon hanta iri biyu da tunjere.

Inda ake tuntuɓe a nan biyu ne. Jini a firij, a sanyin digiri 2 zuwa 6, kwana 35 yake yi ya lalace. Ƙungiyar da ta tara ɗaruruwan mutane ranar 14 ga Yuni, ranar masu kyautar jini ta duniya, sannan ta naɗe tabarma sai baɗi, ba ta yi wa mai naƙudar watan Oktoba komai ba. Gara a rubuta suna da rukunin jinin kowa, a riƙa kira bi da bi. Na biyu, kada a bar kowa ya bayar da yunwa, ko da rana cikin azumi. Ya ci, ya sha, bayan an gama ya kwanta minti 15. Saurayi ɗaya ya yanke jiki ya faɗi a gaban jama'a, kafin isha'i labarin ya kai Kwangila, kuma a can cewa za a yi ya mutu.

Batun sayarwa kuwa kada ɗan wasa ya musanta. Kowa ya san akwai masu raɓewa a bakin asibitoci suna cinikin jininsu. A faɗi haka, sannan a bayyana cewa ledar da awon da sanyin duk kuɗi suke ci.

Ƙoda ita ce mai wuya. A je wurin mahauci da safe a sayo ƙodar akuya, a tsaga ta biyu a faranti, a zagaya da ita. Ta mutum ta kai girman dunƙulen hannunsa. Da rariya da ruwan gasara ake nuna aikinta: ta tace, ta riƙe mai amfani, ta zubar da datti. Sai a toshe rariyar da ƙullu, ruwa ya taru ya malalo, a ce to ga kumburin ƙafa da fuska. Mutanen Zariya da yawa sun taɓa raka wani wankin ƙoda a asibitin koyarwa na Shika. Abin da ba su sani ba shi ne ƙa'idarsa sau 3 ne a mako, kowanne awa 4, kuma aljihu ne ke sa a koma sau ɗaya.

Dashe ba sabon abu ba ne. An fara cin nasararsa a Boston ta Amurka a 1954, tsakanin tagwaye. A Najeriya asibitin St. Nicholas na Legas ya fara a 2000, asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano ya biyo a 2002. Amma in ka kalli yadda ake nuna shi a wasanni sai ka riƙe baki. Ƙane ya ce ya bayar da safe, da yamma an yi tiyata, gobe ana shan shayi. Irin wannan ƙaryar ta fi shiru illa, don dangi suna zuwa asibiti da ita a ka.

Ga yadda abin yake. Ana fara duba rukunin jini: mai O yana ba kowa, mai AB yana karɓa daga kowa. Sai a gauraya jinin mutum biyun a ga ko garkuwar jikin maras lafiya za ta yaƙi baƙuwar. Sai a yi wa mai bayarwa awon suga da hawan jini da fitsari, da hoton da ke nuna jijiyoyin ƙodar. Wannan kan ci makonni, kuma mai ciwon suga ko hawan jinin da bai daidaita ba a nan ake sallamarsa. Galibi ta hagu ake cirewa, don jijiyarta ta fi tsawo. Ba a cika taɓa tsofaffin ƙodojin maras lafiya ba, sabuwar a mara ake dasa ta. Don haka ɗan wasan da ya fito yana dafe kwiɓi bayan an yi masa dashe ya dafa wurin da ba shi ba. Mai bayarwa kan yi 'yan kwanaki a asibiti, ba ya ɗaga kaya mai nauyi sai bayan mako 6. In ɗan dako ne ko manomi, wa zai ciyar da gidansa a wannan tsakani? A sa tambayar a wasa, a bar jama'a su amsa.

Ƙodar da ta rage tana ƙara girma har ta riƙe wajen kashi 70 cikin 100 na aikin biyun. Haihuwa ba ta tsayawa, sai dai mace ta jinkirta ɗaukar ciki, in ta ɗauka a sa ido kan hawan jini. Mai ƙoda ɗaya ya rabu da magungunan kashe ciwo irin su diclofenac da ibuprofen da haɗe-haɗen 'yan talla, ya riƙa awo duk shekara. Kuma kada a ce babu haɗari. Cikin masu bayarwa 10,000, kimanin 3 kan rasu sanadin aikin. Kaɗan ne, amma haƙƙin mutum ne ya ji kafin ya sa hannu.

Wanda aka dasa wa kuwa ya shiga shan magani har ƙarshen ransa, irin su tacrolimus, safe da dare, awa 12 tsakani. Ya daina, jiki ya ƙi ƙodar. A nan shahararru ke barin giɓi. Hoton da mawaƙiyar Amurka Selena Gomez ta saki a 2017, ita da ƙawarta Francia Raisa da ta ba ta ƙoda suna kwance a gadon asibiti, ya zagaya duniya. A gida an tara wa makaɗin Legas OJB Jezreel kuɗi, aka yi masa dashe a Indiya a 2013 da ƙodar matarsa, ya rasu a 2016. Shahara tana tara kuɗin tiyata cikin mako guda. Ban taɓa ganin an yi gangamin kuɗin maganin shekara ta uku ba. Shi ya sa a wasanmu fitowa ta ƙarshe ba ta murnar sallama ba ce, ta maigida ce da uwargida suna lissafin kuɗin magani a kan tabarma.

Akwai fitowar da ba a yarda a yanke ba, ta matsin dangi. Uwa ta zaunar da autanta: "Auta, yayanka ne fa, ciki ɗaya." Shi kuma ya sunkuyar da kai: "To, Inna." Sai likita ya keɓe shi, ya gaya masa yana da ikon fasawa har ranar tiyata, kuma ba za a faɗa wa kowa dalili ba. A wannan wurin dandali kan yi tsit.

Fatawa ba aikin ɗan wasa ba ce. A gayyato malamin da unguwar ta yarda da shi. Majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1988, ta halatta dashe bisa sharuɗɗa, ta haramta ciniki. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ita ma ta hana sayarwa, kuma kowa ya ji yadda kotun Ingila ta ɗaure Sanata Ike Ekweremadu shekara 9 da wata 8 a 2023 kan kai wani saurayi can don a cire masa ƙoda. Kyautar bayan rai, kamar tantanin gaban ido da ake cirewa cikin 'yan awoyi da rasuwa, mukan ambata ne kawai mu bar wa malam. Inda ake sallar gawa kafin azahar, maganar tana son zama na musamman.

Duk da haka, kusan duk inda aka tashi daga wasa sai wani ya ja ɗan wasa gefe, ya rage murya: "Malam, nawa ake saye?" Yawanci saurayi ne mai bashin babur a wuya. Ba a yi masa tsawa, ba a kuma karɓar lambarsa. A gaya masa laifi ne a doka, dillali ke cin kuɗin, shi kuma a bar shi da tabo ba mai duba shi. Saboda irinsa ne ba ma karanta lambar wayar maras lafiya a lasifika ana cigiyar mai ƙoda. Masu yi a Facebook da TikTok su lura, dillalai na cikin masu kallo.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan koma kan labarina daga ranar da muka kai wasan kasuwar Giwa, akuya ta cinye mana leda uku kafin a fara.