Sati na shida ina ɗame ciki a kan hanya

'Yan uwa masu wannan atisaye na ɗame tsokar ciki ana cikin tafiya, yau sati shida cif da na fara, ga inda na kai.

Ni tela ne, wuni nake a kan keke, kuma ciwon ƙugu ne ya sa na fara. Bayan sallar asuba, a nan Katsina, nakan tako daga wajen Ƙofar Ƙaura har Ƙofar Soro, in zaga filin Kangiwa in juyo.

Satin farko da na biyu kusan a banza suka tafi. Na ɗauka abin shi ne mutum ya zuƙe ciki har haƙarƙari su fito, ya yi ta tafiya a haka. Kafin in kai rabin hanya numfashi ya sarƙe, kafaɗu sun ɗage, wuya ya sage. Ashe numfashi nake riƙewa, tsokar da ake nema ko motsi ba ta yi ba.

Tsokar nan tana can ƙarƙashin sauran tsokokin ciki, ta zagaye mutum daga baya zuwa gaba kamar ɗamara, ita ke taimakawa wajen tallafe ƙashin baya. Idan kana son ka ji ta, ɗora yatsu a gefen mara, ɗan ciki kaɗan da ƙashin kwatangwalo, ka yi tari. Abin nan da ya yi tauri a ƙarƙashin yatsunka, shi za ka riƙa kira, amma a hankali. Ka ja cibiya ciki kaɗan, kamar mai ƙara ɗaure mazagi, kada ka sa duk ƙarfinka. Kashi ɗaya cikin huɗu ya isa.

Ma'aunin da ya fi yi mini amfani shi ne gaisuwa. Idan na haɗu da dattijo na gaishe shi, ina kwana Baba, ina gajiya, ya iyali, na kai ƙarshe murya ba ta yanke ba kuma cikin yana ɗame, to na yi daidai. Idan maganar ta tsinke, na matse da yawa, sai in sassauta. Ku lura da yarinya mai talla ɗauke da faranti a ka: baya a miƙe, ƙugu ba ya rangaji, tana ta kiran ciniki. Irin riƙon da muke koyo ke nan.

Da falwaya nake ƙirga. Da farko in ɗame daga wannan zuwa waccan, in saki na tsawon biyu. Yanzu ina riƙe uku in saki ɗaya.

Tumbi dai yana nan. Wannan atisaye ba ya narkar da kitsen wuri ɗaya, abinci da yawan motsi ne ke rage shi. Abin da na samu shi ne ina tashi daga keke da la'asar ba tare da na dafa teburi ba. Ina kuma cika minti 150 na motsa jiki a sati da Hukumar Lafiya ta Duniya ke ba manya shawara, minti 30 sau biyar.

Mai juna biyu, da mai kaba, da wanda aka yi wa tiyata a ciki, don Allah ku fara tambayar likita.

Inda nake fama yanzu shi ne tsallaka titi. Da na mai da hankali kan 'yan Keke Napep sai cikin ya saki ban sani ba. Sati mai zuwa zan gwada ɗamewa tun ina tsaye a bakin titi, kafin in sa ƙafa.