Abin da harafin ƙ ya koya mini

Ina cikin aiki da manhajar da nake rubuta kod da ita, sai na lura duk lokacin da na goge harafin ƙ, wata baƙuwar alama ke tsayawa a gurbinsa. Raina a ɓace na aika wa masu kula da ita layi ɗaya: "Gogewa ba ta aiki." Amsarsu tambayoyi ce zalla. Wace siga kake amfani da ita? Me ka danna, me kake tsammanin gani, me kuma ka gani?

Da farko na ɗauka korata suke yi. Sai daga baya na gane cewa mutum ba zai gyara abin da bai iya maimaita shi a kwamfutarsa ba. Su ba sa rubuta ƙ ko ɗ, ta ina za su ci karo da matsalar? A tsarin UTF-8, wanda kwamfuta ke adana haruffa da shi, harafin k bayit ɗaya ne (bayit ƙaramin ma'aunin bayanai ne a kwamfuta), ƙ kuwa biyu ne, manhajar tana cire ɗaya ta bar ɗaya. Na buɗe ta tsurarta, ba ƙarin da na ɗora mata (masu manhajar rubutu ta Vim da umarnin vim --clean suke yi, masu ta Emacs da emacs -Q), na rage fayil ɗin ya koma harafi ɗaya tak, sannan na rubuta musu matakai uku na maimaita matsalar.

Wanda ya karɓi rahoton ne ya nuna mini git bisect, umarnin da ke gano canjin da ya jawo matsala, kuma har yau abin yana burge ni. Git, wanda Linus Torvalds ya ƙirƙira a 2005, yana riƙe da tarihin kowane canji da aka yi wa kod. Za ka nuna masa sigar da ke lafiya da wadda ta lalace, ya ɗauko ta tsakiya ka gwada, ya sake rabawa biyu. Ko canji 1,000 ne, gwaji kusan 10 ya isa ya kai ka ga mai laifin.

Mun same shi. Amma bayanin da aka rubuta a kansa kalma ɗaya ce, "gyara". Sai da muka ɓata yini muna laluben dalilin yin sa, don kada mu warware shi mu dawo da tsohuwar matsala. Tun daga ranar nake ajiye canjina kaɗan-kaɗan, kowanne da aikinsa ɗaya, in rubuta dalilinsa a ƙasa ko da zai ci layi biyar.