Makullin shagon Sirte

Yau da yamma a teburin mai shayi, wani dattijo tela ya ciro tsohon makulli daga aljihu, ya ce na shagonsa ne da ya baro a birnin Sirte na ƙasar Libiya lokacin da jiragen NATO ke luguden wuta a 2011. Ƙuduri mai lamba 1973 na Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda aka dogara da shi wajen kai harin, kare farar hula ya ambata, amma Faransa da Birtaniya da Amurka suka yi biris da sulhun Tarayyar Afirka har gwamnatin Gaddafi ta faɗi. A ganina zalunci ne ƙasa ta yanke wa wata hukunci daga sama don kawai ta fi ta ƙarfi.

Baba ya mayar da makullinsa a hankali. Har yanzu ina tunanin keken ɗinkin da ya kulle a ciki.