Sake Ɗora Windows Ba Tare da Faifan CD Ba

Yawancin kwamfutocin tafi-da-gidanka da ke hannun ɗalibai da ma'aikata a wajenmu 'yan gwanjo ne da aka shigo da su daga Turai da Amurka, kuma abin da ya fi saurin mutuwa a jikinsu, in aka ɗauke batir, shi ne wurin sa faifan CD. Ƙura takan shiga ta lulluɓe ɗan idon da ke karanta faifan, sai a ji yana ta juyi yana gurnani, daga baya ya yi tsit kamar ba a sa masa komai ba. Sababbin kwamfutoci kuwa ba sa zuwa da shi kwata-kwata, domin tun da kamfanin Apple ya fitar da MacBook Air a 2008 babu wurin faifai, sauran kamfanoni suka riƙa bin sahu. Saboda haka ranar da manhajar Windows ta rikice ta ƙi tashi, mutane da yawa sukan ɗauka ba su da mafita sai su miƙa kwamfutar ga mai gyara ya ɗora musu duk abin da ya samu. Wannan yana damuna ƙwarai, domin wasu daga cikin irin waɗannan Windows ɗin an taɓa su, an cire wasu sassa an cusa wasu, kuma mai kwamfutar bai san abin da ke cikinta ba, alhali a nan yake buɗe asusunsa na banki.

Abin da ake buƙata shi ne filashi mai girman gigabait 8 ko fiye, da wata kwamfutar mai lafiya, da data wadatacciya, domin fayil ɗin Windows ya haura gigabait 5. Kamfanin Microsoft yana bayar da shi kyauta a shafinsa, tare da wata ƙaramar manhaja mai suna Media Creation Tool wadda ke sauke shi ta kuma shirya filashin da kanta. Ni dai na fi son wata manhajar shirya filashi mai suna Rufus, wadda Pete Batard ya fitar a 2011, saboda tana bari mutum ya zaɓi tsarin da ya dace da kwamfutarsa. Wannan zaɓin shi ne inda aka fi yin tuntuɓe. Tsofaffin kwamfutoci masu tashi da BIOS na da, wato ƙaramar manhajar da ke fara aiki idan an kunna kwamfuta, suna buƙatar a tsara filashin da tsarin da ake kira MBR, na baya-bayan nan masu UEFI, wadda ta gaji BIOS, kuma suna son tsarin GPT, kuma idan aka saɓa, filashin yana iya ƙin tashi, ko ma ya ƙi bayyana a jerin abubuwan da za a iya tashi da su, sai mutum ya zaci filashin ne ya lalace. Kwafe fayil ɗin a liƙa a filashi kawai, kamar yadda ake yi wa hoto ko waƙa, ba ya aiki.

A kula da filashin kansa. Akwai na jabu a kasuwa waɗanda aka rubuta musu gigabait 64 alhali cikinsu bai kai haka ba, kuma irinsu sukan tsaya a tsakiyar aiki su ce wani fayil ya ɓace. Haka nan shirya filashin yana goge duk abin da ke kansa.

Bayan an gama, sai a kashe kwamfutar, a soka filashin, a kunna ana danna maɓallin da ke fito da jerin zaɓi: F9 a HP, F12 a Dell da yawancin Lenovo, Esc a kwamfutocin Asus da dama. Daga nan aikin yana tafiya da sauri fiye da yadda faifai ke yi.

Wurin da nake so mai karatu ya natsu shi ne shafin da ake nuna ɓangarorin rumbun ajiya, a tambaye shi inda za a ɗora manhajar. A can ba ya ganin sunayen C da D da ya saba da su, lambobi da girma kawai yake gani, kuma danna gogewa a kan ɓangaren da ba shi ba yana iya tafiya da kundin digiri, da hotunan biki, da lissafin shago na shekaru. Don haka kafin a fara komai, a kwashe muhimman fayiloli zuwa wani wurin, a kuma rubuta girman kowane ɓangare a takarda. Idan Windows ɗin ta riga ta ƙi tashi, ana iya shirya filashi da Ubuntu ko Linux Mint, waɗanda manhajoji ne da ke tafiyar da kwamfuta kamar Windows, a tashi kwamfutar da shi ba tare da an ɗora shi ba, a kwashe fayilolin cikin kwanciyar hankali, sai dai in an kulle rumbun da BitLocker, wato tsarin kulle bayanai na Windows, wanda sai da mabuɗinsa yake buɗewa. Kuma wanda batirinsa ba ya riƙe caji kada ya fara sai ya tabbatar da wutar da ba za ta ɗauke ba, ko ta sola ko ta janareta.

Batun lasisi bai kai yadda ake tsoronsa ba. Tun daga Windows 8, kwamfutocin da suka zo da manhajar daga kamfani suna ɗauke da lambar lasisinsu a cikin allon na'urar, kuma da zarar an hau intanet sai ta tabbatar da kanta, muddin nau'in da aka ɗora iri ɗaya ne da na asali. Abin da ya fi ba da wahala shi ne direban Wi-Fi, wato ƙaramar manhajar da ke sa Wi-Fi ɗin kwamfutar ya yi aiki, domin a wasu kwamfutocin ba ya zuwa tare da manhajar, shi ya sa nake ba da shawarar a sauke shi daga shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar tun da farko a ajiye a filashin.

Sauran tambaya ita ce wace manhajar za a ɗora. Microsoft ya daina kula da Windows 7 a Janairun 2020, wa'adin Windows 10 kuma ya ƙare a ranar 14 ga Oktoban 2025, ita kuwa Windows 11 tana neman wani sashen tsaro na cikin na'urar mai suna TPM 2.0 da ƙwaƙwalwar RAM ta aƙalla gigabait 4, kuma kwamfutar da ta tsufa har tana da wurin faifai da wuya ta cika dukkan sharuɗɗanta. Ga wanda aikinsa bai wuce rubutu da bincike da kallon darasi ba, ina ganin Linux Mint ta fi masa alheri a irin wannan kwamfutar, kuma da filashin nan guda ake ɗora ta.