Saƙon Godiya Bayan Kare Kundina

Alhamdu lillahi, jiya na kare kundin digirina na uku. Duk wanda ya ga yadda ciwon hanta ya rikiɗe ya zama sankara har ya yi ajalin mahaifinmu, ya san dalilin da ya sa na shafe shekara biyar a kan ƙwayar cuta guda.

Ƙwayar ciwon hanta nau'in B ƙanƙanuwa ce, haruffan DNA ɗinta, wato sinadarin da ke ɗauke da bayanan gadonta, kusan 3,200 ne kacal, amma idan ta shiga hanta sai DNA ɗin ya rufe ya zama zobe, ya lafe a cibiyar ƙwayar halitta, inda magungunan da muke da su ba sa iya tumɓuke shi. Abin da na bibiya shi ne wuraren da harafin guwanin, ɗaya daga cikin nau'o'in haruffan DNA huɗu, ya taru, inda huɗu-huɗu suke haɗuwa kamar faifai, faya-fayan su hau kan juna, sinadarin fotasiyam ya riƙe su ta tsakiya. Wannan ƙulli da ake kira G-quadruplex ya bambanta da tufkar igiya biyu da Watson da Crick suka bayyana a 1953, kuma fatanmu a samu maganin da zai damƙe shi.

Ba zan manta da daren da janareta ya mutu ana tsakiyar zafin bazara ba, alhali jinin marasa lafiya da na yi wata goma sha takwas ina tarawa yana cikin firiza. Baba mai gadi, wanda bai san mene ne DNA ba, shi ya kira ni ƙarfe biyu saura ya ce, "Malam, injin nan yana kuka." Kafin in iso daga Kabuga jikina yana rawa, ya tashi wani mai adaidaita sahu sun samo ƙanƙara, ya kuma ƙi karɓar ko sisi. Na san ba zai so a ambace shi ba, amma dole ce. Allah ya jiƙan magabatansa, ya shirya masa zuriya, ya kai shi ɗakinsa mai alfarma.

Ina godiya ga malamina da ya yi haƙuri da ni, da Inna da ta sayar da tunkiyarta lokacin da kuɗin sinadarai suka yanke, da uwargidana, da bayin Allah da suka ba da jininsu, waɗanda wasunsu ba su kai yau ba. Dangin da suka daina ɗaga wayata tun rasuwar mahaifinmu kuwa, na aika musu katin gayyata, ina kyautata zaton uzuri ne ya hana su.

Allah ya gafarta wa mahaifinmu, ya sa jinyar da ya sha ta zama kaffara, ya haskaka kabarinsa.